Wankin fim a gida, daga kyamara zuwa kwamfuta

Fim ɗin da na yi wannan aiki da shi Ilford HP5 Plus ne, baƙi da fari, mai ISO 400 (lambar da ke nuna saurin kama haskensa), mai cin hoto 36, kyamarar kuma Pentax K1000. A da, wanda ke ɗaukar hoto don sha'awa aikinsa ya ƙare da zarar ya naɗe fim ya kai sutudiyo. Mai wanki ne zai haɗa magani, ya auna zafi, ya zaɓi irin hasken da kowane hoto zai fito da shi, kai dai ka dawo ka karɓi ambulan da hotuna da negatif a ciki. Yanzu injinan wankin fim sun yi wuyar gani a sutudiyoyin garuruwanmu, abin da za ka tarar firinta ce mai karɓar hoto daga waya ko memori. Don haka duk wanda ya sa fim a kyamara yau ya ɗora wa kansa aikin mai wanki, kuma a ƙarshe sai hoton ya bi ta dijital kafin wani ya gan shi.

Wannan sauyi ya faro ne daga cikin kamfanin yin fim ɗin kansa. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko da ake iya ɗauka a hannu, wadda ke shafe sakan 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Shekara talatin bayan haka kasuwar fim ta fara rushewa: AgfaPhoto ya karye a 2005, Konica Minolta ya bar harkar kyamara da fim a 2006, aka daina yin Kodachrome, fim mai kala na Kodak, a 2009, Kodak kansa ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Janairun 2012. Fim bai ƙare ba, har gobe Kodak da Ilford da Foma suna yin sa. Abin da ya ɓace shi ne shagon bakin titi da ke sayar da shi ya kuma wanke shi.

Kafin in sa fim sai da na duba kyamarar, domin wadda ta shekara ashirin a akwati ba a yarda da ita da ka. Na buɗe bayanta na taɓa soson da ke zagaye da ƙofar. Idan ya zama baƙin danƙo yana manne wa yatsa, haske zai riƙa shiga, ya bar zane a gefen hotuna. Ana kankare shi da tsinken sakace da ɗan sifirit, a manna sabon soso ko a cusa baƙin zaren ulu a ramin. Na cire lensi na haska shi da tocila don neman fumfuna, wadda ke bayyana kamar farin zare a cikin gilashin idan an ajiye shi inda damshi yake. Sannan na gwada labulen kyamarar, wanda ke buɗewa ya rufe don haske ya faɗa kan fim, daga sakan 1 har 1/1000, ina kallo ta baya ina saurare. K1000 ba ta buƙatar batir don ɗaukar hoto, ma'aunin haskenta kaɗai ke cin ƙaramin batir LR44. Wasu kyamarorin da suka girme ta an yi su ne don batirin makuri mai bolt 1.35, wanda aka daina yi, kuma idan aka sa musu na 1.5 ma'aunin yakan yi ƙarya.

Wajen sa fim akwai alama ɗaya da ba a wasa da ita. Bayan an rufe ƙofa, duk lokacin da aka ja hannun tura fim, dole maɓallin naɗewa na hagu ya juya. In bai juya ba, harshen fim ɗin ya suɓuce, kuma mutum zai gama biki kaf yana ɗaukar iska, ƙidayar kyamara tana tafiya kamar komai lafiya.

Auna haske a fim ya sha bamban da na dijital, kuma a nan ne wanda ya tashi da waya ya fi tuntuɓe. Negatif yana jure yawan haske amma ba ya yafe ƙarancinsa: inda haske bai isa ba, wurin zai fito wayam, babu abin da za a ciro. Dijital akasin haka ne, inda ya ƙone fari fat ya tafi ke nan, amma ana iya ɗago duhu a kwamfuta. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne mutum baƙar fata cikin farar babbar riga da tsakar rana. Ma'auni zai ga farin shadda ya ce haske ya yi yawa, ya sa ka rage, sai fuska ta nutse ƙarƙashin inuwar hula. Na riƙa matsawa kusa in auna inuwar, ko in ƙara mataki ɗaya, wato in ninka hasken, kan abin da ma'aunin ya faɗa. Idan ma'auni ya mutu gaba ɗaya, a rana tsaka ana sa ƙofar haske a f/16, saurin labule kuma a lambar da ta fi kusa da ISO, wato 1/500 ga fim mai 400. ISO ɗin kuwa ba ya canzawa sai fim ya ƙare, babu zancen ɗaga shi idan magariba ta yi.

Kayan wanki ba su da yawa: tankin Paterson, wato ɗan mazubin wanki da haske ba ya shiga, da faifan roba da ake naɗa fim a kai, baƙar jaka mai hannuwa biyu wadda haske ba ya ratsawa, ma'aunin zafi, kofin awo mai alamar mililita, almakashi, mabuɗin kwalba, roba babba, ƙanƙara, da agogon waya. Magani iri biyu ne dole, dibelofa mai fito da hoto da fiksa mai zaunar da shi. Dibelofan da na yi amfani da shi Ilford ID-11 ne, gari ne mai ƙunshi biyu, A da B. Ana narkar da A a ruwa mai ɗumin digiri 40, sannan B, a cika zuwa lita ɗaya, a bar shi ya huce ya kwana. A cikakkiyar kwalba mai murfi yakan yi wata shida, a wadda aka yi amfani da rabi wajen wata ɗaya, domin iska ce ke kashe shi, zafi kuma yana ƙara mata sauri. Tankin yana buƙatar mililita 290 ga fim ɗaya, na kan haɗa 300 don a huta da lissafi: 150 na ID-11 da 150 na ruwa, ana amfani da shi sau ɗaya a zubar. Fiksa kashi ɗaya ne cikin ruwa kashi huɗu, 60 da 240, shi kuma ana maimaita shi.

Naɗa fim a faifai shi ne aikin da ake yi babu ido. A cikin jaka na ɓalle murfin gwangwanin fim da mabuɗin kwalba, na yanke harshen a miƙe tsakanin ramuka biyu, na ɗan rage kusurwoyinsa, na zura shi ƙarƙashin haƙoran faifan, sannan na riƙa murza gefe ɗaya gaba da baya har ya shige duka. Abokin gaba a nan gumi ne. Hannu biyu cikin baƙar jaka a watan Afrilu ba sa minti uku ba su jiƙe ba, kuma faifan roba da zarar ya ji damshi sai fim ya cije. Wanda ya tilasta shi zai lanƙwasa shi, lanƙwasar kuma tana barin tabo mai siffar jinjirin wata a kan hoto, wanda ba ya gyaruwa. Shi ya sa na yi wannan sashe da asuba, da busasshen faifai, bayan na wanke hannu da ruwan sanyi. In ya cije, a buɗe faifan a sake daga farko, ko a jefa fim ɗin haka nan cikin tanki a rufe a fito a sha iska. Kada a manta da baƙin bututun tsakiya, shi ke tare hasken da zai bi ta mazubin ruwa.

Zafi shi ne babbar matsalar wanki a ƙasarmu. Yawancin lokutan da kamfanoni ke rubutawa don fim baƙi da fari an auna su ne a digiri 20, kuma HP5 a irin haɗin da na yi minti 13 yake buƙata. Ruwan tankin saman gida da bazara a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yakan wuce digiri 30 ba wuya. A wannan zafi maganin yana aiki da gaggawa, negatif ya yi kauri, tsabar hoton, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto, ta yi girma, fatar fim ta yi laushi ta yadda ko farce zai iya kwashe ta. Abu ne kamar dahuwar shinkafa, in wuta ta yi yawa rage lokaci kaɗai ba ya hana ƙasa kamawa. Ana iya ragewa, kusan kashi goma cikin ɗari ga kowane digiri, wato a digiri 24 wajen minti 9, amma idan lokaci ya gaza minti 5 wankin ba ya fita daidai, domin zubawa da juyewa kaɗai sun cinye kaso mai yawa. Na zaɓi in sauko da ruwan maimakon in yi tsere da agogo. Na cika roba da ruwa da ƙanƙara har ya tsaya a 19, na tsoma kwalaben dibelofa da fiksa da ruwan ɗauraya gaba ɗaya a ciki, na jira kowanne ya kai 20. Ba a jefa ƙanƙara cikin maganin kansa, narkewarta za ta tsinka shi. Ruwan randa ma yana rage aiki sosai idan babu wutar da za a yi ƙanƙara. Tankin kuma a cikin robar yake zama tsakanin juyi da juyi, in ba haka ba ɗaki mai digiri 35 zai ɗumama shi kafin minti 13 su cika. Abin da ya fi zafin kansa haɗari shi ne tsalle: dibelofa mai 20 a bi shi da ruwan famfo mai 33, sai fatar fim ta kumbura ta tsattsage, hoton ya fito da ƙananan zane a ko'ina. Kada tazarar ta wuce digiri 5.

Abin mamaki, fim mai kala ya fi dacewa da bazararmu ta wannan fuska, domin wankinsa, C-41, ana yin sa ne a digiri 37.8, dibelofansa na minti 3 da sakan 15. Sai dai shi ba ya yarda a kauce ko da rabin digiri, launi zai karkace.

Wankin kansa gajere ne. Na zuba dibelofa a tashi ɗaya na kunna agogo, na kifa tankin na miƙar sau huɗu cikin sakan 10, na buga gindinsa a tebur don kumfa ta saki fim. Haka a farkon kowane minti. Saura sakan 10 na fara juyewa, na bi da ruwa sau biyu, sannan fiksa na minti 5 da irin juyin. Don sanin ƙarfin fiksa, harshen da na yanke ɗazu na tsoma a ciki ina kallo har ya washe ya zama garau. Ana ba fim ninki biyu na wannan lokaci, kuma ranar da washewar ta fara cin ninki biyu na yadda take yi da sabon haɗi, fiksan ya gaji. Ba a zubar da tsohonsa kusa da rijiya ko a kwata, azurfa ce narke a cikinsa. Ɗauraya ba ta buƙatar a bar famfo yana zuba: a cika tanki a kifa sau 5 a zubar, a sake sau 10, a sake sau 20. Ruwa na ƙarshe tatacce ne da ɗigon maganin hana tabon ruwa, Ilfotol ko Photo-Flo, kashi ɗaya cikin 200, saboda ruwan burtsatse yana barin farin tabo idan ya bushe. Mai sayen tataccen ruwa wajen masu batir ya tabbata ba mai asid aka ba shi ba.

Shanya a banɗaki na yi, bayan na yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, na kashe fanka, na rufe ƙofa da taga. Maƙali ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa don nauyi. Da hunturu fim yakan bushe da wuri amma ya naɗe, kuma duk ƙurar da ta sauka a kansa yana jiƙe ta zama nasa har abada. Da damina sai an ba shi awanni. Da ya bushe na yanka shi gida shida, hoto shida-shida.

Negatif da kansa yake faɗin inda aka yi kuskure, in an san karanta shi. A gefensa akwai sunan fim da lambobi da kamfani ya buga da haske. Idan rubutun ya fito baƙi sosai amma wurin hotuna wayam, wanki lafiya yake, laifin na kyamara ne ko na sa fim. Idan har rubutun babu, fim garau daga farko zuwa ƙarshe, to an fara zuba fiksa kafin dibelofa, ko dibelofan ya mutu. Baƙi ƙirin ko'ina haske ne ya shiga. Fari-fari kamar madara a tsakiya fiksa ne bai isa ba, kuma wannan yana gyaruwa, a mayar da shi cikin sabon haɗi. Gefe ɗaya ya fi haske tsawon fim ɗin, magani ne bai rufe faifai ba. Zane da ke gangarowa daga ramukan gefe kuwa daga juyi ne, ko ya yi ƙarfi ko ya yi kaɗan. Mai dijital yana ganin kuskurensa a sakan ɗaya ya sake ɗauka, kuma fayil ɗin yana riƙe da saurin labule da ƙofar haske da ISO na kowane hoto, shi ya sa ake koyo da sauri yanzu. Mai fim sai bayan kwanaki, kuma in bai rubuta saitinsa a takarda ba, ba zai san abin da ya jawo ba.

Daga nan dijital ya karɓi aiki. A da ana haska negatif ne a kan takardar hoto a ɗaki mai jan fitila, ni kuwa kyamarar dijital mai megafiksel 24 na kafa a kan ƙafa tana kallon ƙasa, da lensin ɗaukar ƙananan abubuwa, don hoton fim mai milimita 24 da 36 ya cika allon. Wanda ba shi da irin wannan lensi zai iya sa zoben ƙari tsakanin kyamara da lensin da yake da shi. A ƙasa farar fitilar LED ce mai shimfiɗaɗɗen haske. Allon waya ma yana yi, amma sai an ɗaga negatif sama da shi da 'yan santimita, in ba haka ba ɗigogin allon za su fito cikin hoton. Don tabbatar da kyamara ta miƙe, na ajiye ƙaramin madubi inda negatif zai zauna, na gyara har lensin ya ga kansa a tsakiya cif. Karkata kaɗan ta isa ta sa gefe ɗaya ya yi dishi-dishi. Negatif na maƙale shi tsakanin kwali biyu masu taga, ɓangaren da ba ya ƙyalli yana kallon kyamara, daga baya a juya hoton a kwamfuta. Danne shi da gilashi yana kawo wasu zobba masu launi inda suka haɗu. Saiti: ISO 100, f/8, RAW (ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba), jinkirin sakan 2 don hannu kada ya girgiza, fitilar ɗaki a kashe. Fokas a kan tsabar fim ake yin sa, ba a kan fuskar mutum ba, ta hanyar zuƙo allon kyamara. Kafin kowane hoto sai na hura iska da 'yar famfon roba, ba da baki ba.

Fiksel 6000 a kan milimita 36 ya haura ɗigo 4000 a kowane inci, wanda ya fi abin da fim mai ISO 400 ke ɗauke da shi. Sikana ta tebur irin Epson V600 tana yi, amma a kan ƙaramin fim ba ta kai kaifin da aka rubuta a kwalinta, kuma tana da nawa.

Juya negatif ya zama hoto a manhajar darktable na yi, kyauta ce, tana da sashe mai suna negadoctor. Ana nuna mata gefen fim inda babu hoto don ta san asalin launinsa, sannan a tsayar da inda baƙi zai fara da inda fari zai tsaya. Hoton farko yakan fito a dushe, kada wannan ya tsorata kowa, haka ake so, daga nan ne ake ƙara masa ƙarfi. Baƙi da fari ba wuya. Mai kala yana da launin ruwan lemo a jikinsa wanda idan aka juya kai tsaye komai zai koma shuɗi, dole a cire shi tukuna. Ƙura tana fitowa farin ɗigo bayan juyawa, kuma goge ta ɗaya bayan ɗaya ya fi duk sauran aikin cin lokaci. Wannan zama gaban kwamfuta shi ne ainihin abin da mai wankin sutudiyo yake yi maka a da ba tare da ya tambaye ka ba, kuma a ganina shi ne babbar ribar da mai son hoto ya samu daga dijital, fiye da yawan hotunan da memori ke ci.

Ajiya kuma ta zama nauyin mai hoto. Fayil ɗin RAW ɗaya yana kai megabait 25 zuwa 30, fim guda kusan gigabait ɗaya. Na ba kowane fim lamba, na rubuta ta a jikin ledar negatif da kuma sunan folda, na ajiye kwafi a kwamfuta, wani a faifan ajiya na waje (hard disk), wani a intanet. Negatif ɗin a ledar da ba PVC ba, a wuri mai sanyi da bushewa. Da wannan shiri ɗaya ake kwafe tsofaffin negatif na gida, kuma wanda ya buɗe ambulan ya ji tsamin binega ya fara da su, fim ɗin ya soma ruɓewa, a kuma raba su da sauran. Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto ya murƙushe tsabar fim ta zama dabbare-dabbare, sai an tura shi a matsayin fayil.

Bugawa a sutudiyo ana lissafa ta da ɗigo 300 a inci. Ƙaramin kati mai inci 4 da 6 fiksel 1800 da 1200 kawai yake so, cikakken fayil ɗin kuma zai kai inci 20 a tsawo. Fim yana da siffar 2 da 3, don haka 4 da 6 ko 8 da 12 suna ɗaukarsa duka, amma 8 da 10 sai an yanke gefe, gara ka yanke da kanka kafin ka kai. Injin kala yakan sa wa hoton baƙi da fari ɗan kore ko ɗan ja, saboda haka na sa aka fara buga ƙarami ɗaya, na fita da shi hasken rana na duba, na kuma ce wa mai injin ya kashe gyaran da injin ke yi da kansa kafin ya buga sauran.